Kyanwar da ta Daina Cin Abinci

Tambaya: Me ya kamata a yi wa kyanwa mara lafiya da ta ƙi abinci?

Amsa: Ƙin cin abinci alama ce ta wani ciwo, kuma a wurin kyanwa yana da haɗari fiye da yadda masu ita suke zato, domin idan ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ta ci ba, jikinta yakan tura kitse zuwa hanta har ya yi mata yawa ta kasa aiki, musamman ga kyanwa mai ƙiba. Alamar hakan ita ce shawara, wato dasashi da farin ido su koma rawaya.

Kyanwa da ƙamshi take sha'awar abinci, saboda haka wadda mura ta toshe wa hanci takan ƙi ci. Sai a goge mata hancin da tsumma mai ɗumi, a ba ta dafaffen kifi ko kaza mai ɗan ɗumi, ba ƙashi, ba albasa ko tafarnuwa, domin waɗannan biyun suna lalata mata jini. A ɗaga fatar ƙeyarta a saki, idan ta jinkirta komawa, ruwan jikinta ya ragu.

Abin takaici, wasu don tausayi sukan ba ta farasitamol, alhali hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ma tana iya kashe ta. Idan ta wuce awa 24 ba ta ci ba, ko tana amai, ko ana zargin ta ci maganin ɓera, a kai ta wurin likitan dabbobi a ranar.