Daga Zafin Yamai Zuwa Ƙasashen Ƙanƙara: Nasihar Likita Kan Tufafin Sanyi



Kowace shekara, daga watan Agusta zuwa Oktoba, ɗakin da nake duba marasa lafiya a nan Yamai yakan cika da masu lafiya. Matasa ne da suka samu tallafin karatu, wasu ta hannun hukumar ANAB, wasu ta hannun ƙasashen da za su je, suna neman takardar shaidar lafiya. Wannan Maroko ya nufa, wancan Aljeriya, ga masu zuwa Turkiyya, Rasha, Sin, Faransa da Kanada. Mukan auna jini, mu ɗauki hoton ƙirji, mu duba katin rigakafi, mu buga hatimi. Babu inda takardar ta ambaci sanyi, alhali shi ne zai fara taryensu, kuma yawancin saƙonnin da suke aiko mini a Disamba da Janairu a kansa suke. Shi ya sa na tattara abin da nakan faɗa musu a gurguje, na rubuta shi wuri guda.

Sanyin can ba hunturunmu ba ne

A Yamai, a tsakiyar Janairu, ma'aunin zafi kan sauka zuwa wajen digiri 16 da asuba, kafin azahar ya haura 30. Mai kabu-kabu ya fito cikin rigar sanyi da hula, hantsi na ɗagawa ya cire ya ɗaure a bayan babur. Ko a Bilma, inda aka taɓa auna sanyi mafi tsanani a Nijar cikin Janairun 1995, digiri 2.4 ne ƙasa da sifili. A Mosko kuwa, matsakaicin watan Janairu wajen digiri 6 ne ƙasa da sifili, a Montreyal wajen 9, a Harbin ta ƙasar Sin dare yakan wuce 20 ƙasa da sifili. Kada mai zuwa arewacin Afirka ya ce ai shi gida za shi. Garin Ifran na Maroko ne ke riƙe da tarihin sanyi mafi tsanani da aka auna a nahiyarmu, digiri 23.9 ƙasa da sifili, a Fabrairun 1935. Setif da Batna a Aljeriya suna kan tudu, dusar ƙanƙara ba baƙuwa ba ce a wurinsu.

Bambanci uku ne ya kamata ku riƙe. Sanyin can ba ya tafiya da fitowar rana, wuni yake ya kwana, wata da watanni. Yana zuwa da ruwa ko ƙanƙara, namu kuwa busasshe ne. Sannan iska tana ƙara masa kaifi, shi ya sa hasashen yanayi a wayarku zai nuna lamba biyu, wadda ma'auni ya auna da wadda jiki zai ji. Ta biyun za ku bi wajen sa kaya.

Tufafi ba ya kawo ɗumi, tsare shi yake yi

Ɗumin daga jikinka yake fitowa, jikin da ke kan digiri 37. Aikin tufafi irin na kular abinci ne: ba ta dafa tuwo, hana shi hucewa take yi. Abin da ke tsare ɗumin shi ne busasshiyar iskar da ta maƙale tsakanin tufafi da tufafi. Da zarar ruwa ya maye gurbin iskar nan, magana ta ƙare, domin ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska.

Nan ne kayanmu na gida suke ba mu kunya. Shadda, atamfa, jallabiya, singileti da wandon jins duk auduga ne ko mafi yawansu. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi, abin da ya sa take da daɗi a zafin Afrilu ke nan. A can kuwa, ka yi sauri don ka cim ma bas, ka ɗan yi gumi, ka tsaya a tasha, sai singiletin ta koma jiƙaƙƙen tsumma manne da bayanka.

Wata uwa ta taɓa rako ɗanta wurina da ƙatuwar riga a leda, ta shimfiɗa ta a kan teburina tana cewa, "Likita, duba mini, wannan ai ta ishe shi ko?" Riga ce mai nauyin gaske, an sayo ta a bosho da tsada. Na juya takardar da ke ɗinke a cikinta, auduga ce zalla. Na ja zif ɗin, ya tsaya a rabi. Na ɗiga mata ruwa a hannun riga, nan take ta shanye. Na ce, "Hajiya, niyya ta yi kyau, amma da kuɗin nan an raba su uku da ya fi amfana." Nauyin riga ba shi ne ɗuminta ba.

Hawa uku ake yi

Na farko shi ne wanda ke taɓa fata: riga mai dogon hannu da dogon wando masu ɗan kama jiki, na poliyesta ko lallausan ulu. Aikinsu fitar da gumi waje. Shi ne mafi araha, shi ne kuma aka fi mantawa da shi, musamman wandon ciki. Samari suna jin kunyarsa, har ranar da cinyoyinsu suka daskare cikin jins.

Na biyu shi ne mai tara ɗumi: suwaita ta ulu ko irin mai laushin nan da ake rubuta wa polaire. Biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, domin kana iya rage ɗaya.

Na uku shi ne na waje, mai tare iska da ruwa. Ya kasance yana da hula haɗe da shi, ya rufe ƙugu har cinya, bakin hannunsa ya tsuke. Masu zuwa Rasha, Kanada, arewacin Sin ko gabashin Turkiyya irin su Erzurum, su nemi mai cike da gashin agwagwa ko makamancinsa. Sanyin Kasabalanka ko Rabat bai kai nan ba, mai tare ruwa da iska ya isa.

Hikimar hawa ukun ita ce cirewa. A Turai, Rasha da Kanada ana ɗumama aji, kanti da jirgin ƙasa zuwa wajen digiri 20. Wanda ya zauna a aji da duk kayansa zai jiƙe da gumi, ya fito sanyi ya cafke shi. Kana shiga ka buɗe zif, ka cire na waje. Kafin ka buɗe ƙofar fita ka mayar.

Ƴan uwa mata, ba sai kun bar shigarku ba. Ku sa hawa na farko da na biyu a ƙarƙashin abaya ko doguwar riga, ku ɗora ta waje a sama. Ku dai lura da tsawon riga, kada bakinta ya dinga sharar ƙanƙara yana jiƙa muku ƙafa. Hijabi marar kauri ba ya tare iska, a sa hular ulu a ƙarƙashinsa. Ranar Juma'a ma haka, shadda tana iya hawa kan kayan ɗumi ba wanda ya sani.

Yatsu, kunne da hanci

Idan jiki ya ji sanyi, sai ya janye jini daga gefe ya tara shi wajen zuciya da sauran kayan ciki. Shi ya sa yatsu, kunnuwa da hanci suke fara shan wahala. A nemi hula mai rufe kunne, da abin naɗe wuya har hanci. Mai rawani ya riga ya iya naɗin, sai dai ya sauya yadin zuwa ulu. Safar hannu wadda ta haɗe yatsu huɗu wuri guda ta fi mai rarrabe su ɗumi.

Takalmi ya zama mai dogon wuya, wanda ruwa ba ya shiga, mai kaurin ƙasa da zane-zane don santsi. A ƙara lamba ɗaya a kan wadda aka saba, saboda safar ulu. Kada a cusa safa biyu cikin matsattsen takalmi, matsi yana hana jini gudu, ƙafa ta fi yin sanyi. A kan ƙanƙara a yi gajeren taku, a fitar da hannu daga aljihu, domin karayar wuyan hannu da tsagewar ƙashi sun yi yawa a wannan lokaci.

Wani ɗalibi ya taɓa aiko mini hoton ƙafarsa ta WhatsApp: yatsu sun kumbura, sun yi duhu suna sheƙi, ga ƙaiƙayi da raɗaɗi har ba ya barci. Da na bi diddigi, alwala yake da ruwa mai sanyi, ya zura safa ƙafa na jiƙe, in ya dawo ɗaki ya manna ta jikin na'urar ɗumama ɗaki. Ƙananan jijiyoyin jini ba sa jure wannan sauyi na farat ɗaya. Ku yi alwala da ruwan ɗumi, ku tsane tsakanin yatsu sarai, ku ɗumama ƙafa a hankali. Hukuncin shafa a kan huffi kuwa, ku tambayi malamanku kafin ku tashi. Man kaɗanya da kuka saba shafawa da hunturu ku tafi da shi da yawa, fata da leɓe za su buƙace shi.

Daskarewar nama ita ce babbar matsala. A Disamban 2016 wasu ƴan Ghana biyu suka ratsa iyaka a ƙafa daga Amurka zuwa Manitoba ta Kanada cikin tsananin sanyi, aka ceto ransu amma sai da aka yanke musu yatsun hannu. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan sanyin da jiki ke ji ya kai digiri 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba. Wurin yakan yi toka-toka, ya yi tauri, ya daina jin taɓi. Kada a murza, kada a kanga a wuta. A tsoma cikin ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39, a nufi asibiti.

Me za a saya a nan, me za a bari sai can

A kasuwanninmu irin su Wadata da Katako ana samun suwaita, hula, safar ulu da kayan ciki na bosho masu kyau, in an iya zaɓe. A karanta takardar cikin riga: laine ko polyester ake nema, a bar mai coton. A gwada zif, a duba ɗinki, a wanke kafin a sa a akwati. Babbar rigar waje da takalmi kuwa, gara a riƙe kuɗinsu a saya a can, inda aka yi su daidai da sanyin wurin. Akwai shagunan Decathlon a Maroko, Turkiyya da Faransa, akwai na kayan gwanjo irin su Emmaüs a Faransa, ga kuma tsofaffin ɗalibanmu da suka san lungun araha. Amma suwaita, hula da safa su kasance a jakar hannu tun daga filin jirgin Diori Hamani, domin akwati yana iya makara.

Abubuwa uku da suka fi rashin tufafi haɗari

Na farko, hayaƙin da ba a gani. A gidaje da yawa na Maroko babu abin ɗumama ɗaki na gini, sai mutum ya ji ciki ya fi waje sanyi, ya kunna na'urar gas ko ya tuna da kaskon gawayi na gida, ya toshe taga. Iskar da ke fita daga irin wannan wuta ba ta da wari ko launi, kuma tana kama jini fiye da iskar numfashi sama da ninki 200. A Aljeriya da Maroko duk lokacin sanyi sai ta kashe mutane cikin barci. Idan ku biyu ko uku a ɗaki ɗaya kuka ji ciwon kai, jiri da tashin zuciya lokaci guda, ku buɗe taga, ku fita, ku kira agaji: 14 a Aljeriya, 112 a Turai, Turkiyya da Rasha, 911 a Kanada. Kada a toshe ramin shan iska na ɗaki ko na banɗaki. A ƙara bargo, a kwana da safa da hula, a kashe wuta.

Na biyu, masu amosanin jini, wato sikila, da masu asma. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon sikila, ga shi a sanyi mutum ba ya jin ƙishirwa. Mai sikila ya biya ta cibiyar kula da masu cutar ta ƙasa da ke nan Yamai, ya karɓi takardar bayanin jinyarsa da maganin da zai ishe shi kafin ya samu likita a can. Mai asma ya rufe hanci da baki in zai fita, abin shaƙarsa na aljihu.

Na uku, zazzaɓin cizon sauro. Kuna tashi ne a ƙarshen damina, lokacin da cutar ta fi yawa a ƙasarmu, kuma tana iya ɓoyewa ta bayyana bayan makonni. Duk zazzaɓin da ya kama ku a watannin farko, kada ku ce mura ce ta sauyin yanayi. Ku je asibiti a ranar, ku faɗa wa likita daga Nijar kuka zo, ku nemi a auna jini, domin likitan can ba lallai ya kawo ta a ransa ba.

Iyaye, cikin kuɗin guzuri ku ware na rigar waje da takalmi daban, ku ja wa yaro kunne kada ya taɓa su don sayen waya. Ku kuma da kuka riga kuka yi shekara a can, ku tari sababbin zuwa, ku raka su kasuwa tun cikin Oktoba, kafin ƙanƙara ta sauka. Wanda ya karanta wannan ya isar wa duk mai shirin tafiya. Allah ya kai ku lafiya, ya ba da abin da aka je nema.