Matuƙin Jirgi Mai Farfela da Inshorar Fasinja

Hausawa mazauna Fatakwal, Anacha da Enugu sukan hau jirgin sama saboda fatauci ko ziyarar gida, wasu daga Omagwa, wasu daga Asaba a ƙetaren Kwara, wasu kuma daga filin Akanu Ibiam. Daga cikin jiragen akwai masu farfela, irin su ATR 72 da Dash 8. Injinsu ɗan'uwan na jet ne, sai dai farfela yake juyawa. Don haka ya kamata jama'a su san sharuɗɗan da doka ta ɗora wa matuƙinsu.

Takardun matuƙi

Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya, wato NCAA, ita ce ke ba da lasisi. Lasisi kuwa hawa uku ne. Na farko yana bukatar awa 40 na tuƙi, kuma mai shi ba zai yi tuƙi don a biya shi ba. Na biyu, na sana'a, awa 200 ne, ko 150 a makarantar da hukuma ta amince da tsarinta. Na uku, na kyaftin ɗin jirgin fasinja, sai an cika awa 1,500 da shekara 21 da haihuwa. Tilas ne kuma likita ya riƙa duba lafiyar matuƙi a kai a kai.

Lasisi kaɗai bai isa ba. Kowane irin babban jirgi yana da nasa horo da jarrabawa, kuma ana rubuta sunansa a kan lasisin. Wanda ya ƙware da ATR 72 ba zai ja Dash 8 ba sai ya sake horo.

Malamin tuƙi

Iya tuƙi daban, iya koyarwa daban. Malami sai ya sami shaidar koyarwa ta musamman. Iyayen da ke son ɗansu ya koyi wannan sana'a su nemi makarantar da hukuma ta yarda da ita, kamar Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Kada a ba dillali kuɗi.

Inshora

Doka ta hana kamfani ɗaukar fasinja ba tare da inshora ba. Idan hatsari ya auku, Allah ya kiyaye, aka rasa rai, wajibi ne kamfani ya ba magada dalar Amurka 30,000 cikin kwana 30, a matsayin kason farko na diyya.

Jirgin da aka ba izinin hidimar mai shi kawai, haramun ne a yi haya da shi. Wanda ya shiga irinsa da kuɗinsa, mai yiwuwa ne inshora ta ƙi biyan iyalinsa.

Saboda haka, a sayi tikiti da sunan gaskiya, kada a hau da na wani. Mai ɗaukar shatar jirgi kuma ya nemi ganin izinin kamfani da takardar inshora kafin ya biya. Rigakafi ya fi magani.