Gawayin Ƙashi: Maganin Fuluwor a Ruwan Sha

Ƴan'uwa masu karatu na Attantane da kewaye, darasinmu na yau a kan fuluwor ne. Wani sinadari ne da ke narkewa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, ya shiga ruwan wasu rijiyoyi masu zurfi. Ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligaram 1.5 a lita guda.

A garin Tibiri, kusa da Maraɗi, daga 1985 zuwa 2000 mutane sun sha ruwan wani foraj wanda fuluwor ɗinsa ya ninka wannan iyaka fiye da sau uku. Dubban yara sun illata. Haƙoransu sun rine, ƙafafun wasu sun lanƙwashe.

Tafasa ruwa ba ya fitar da fuluwor. Tacewa da ƙyalle ma haka. Gawayin icce kuwa kaɗan yake kamawa. Abin da ke aiki shi ne gawayin ƙashi, domin fuluwor ƙashi yake manne wa. Idan ya sami ƙashin saniya a cikin bokiti, ba zai kai ga ƙashin yaro ba. A Nakuru ta ƙasar Kenya an daɗe ana amfani da wannan dabara.

Ga yadda ake yi:

1. A tara ƙasusuwan shanu, a cire nama da kitse, a shanya su bushe.
2. A ƙona su cikin rufaffen gurbi mai ƙarancin iska, har su zama baƙi-baƙi mai ruwan toka. Wanda ya yi fari ya ƙone da yawa, ƙarfinsa ya ragu.
3. A daka su kamar tsabar dawa, a wanke ƙurar.
4. A zuba cikin bokiti mai famfo a gindi, ruwa ya bi ta ciki sannu a hankali.

A kula da abu biyu. Gawayin yakan ƙoshi ya daina kamawa, sai a sake sabo. Kuma ba ya kashe ƙwayoyin cuta.

Tun da ido ba ya ganin fuluwor, kwamitin rijiya ya nemi ma'aikatan ruwa na Tasawa ko Mayahi su auna ruwan, kafin tacewa da bayanta. Ƙashin da ya lanƙwashe yana da wuyar miƙewa. Rigakafi ya fi magani.

Tambaya: wace alama ce a bakin yaro za ta sa mu nemi a auna ruwanmu?