Amsoshin Tambayoyinku: Son Kuɗin da Nake Yi Kwaɗayi Ne?

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Funtuwa, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Wani aminina ya matsa mini lamba in zuba kuɗi a wata harka ta waya da ya ce tana ba da ribar kashi 40 cikin 100 duk wata. Shi har ya ciri riba sau biyu ya sayi babur. Da na ƙi shiga sai ya ce mutuwar zuciya ke damuna, wai na fake da ƙana'a. Gaskiya kuma ina son kuɗi, don albashina ba ya kai ni ƙarshen wata. Shin wannan son da nake yi kwaɗayi ne? Ina iyakar take?

Amsa: Allah ya yi wa iyali albarka, ya buɗa.

Ka fara kwantar da hankalinka a kan abu ɗaya. Mai iyali shida da yake son abin hannunsa ya ƙaru bai yi laifin komai ba, nauyin da ke kansa ne yake neman saukewa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba wanda bai ji a jikinsa ba, kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024. Wanda albashinsa ke tsaye cik alhali kwanon masara na gudu, in ya ce ba ya son ƙari to ba gaskiya ya faɗa ba. Addini ma bai ce a ƙi dukiya ba. Abdurrahman bin Auf ya isa Madina hannu rabbana, ɗan'uwansa a Musulunci Sa'ad bin Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa, daga baya ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Ba wanda ya taɓa kiransa makwaɗaici. Ƙaruna kuma da ƙasa ta haɗiye, girman kai da ɗagawa ne suka kai shi, da ganin cewa iyawarsa ce ta tara masa.

To ina iyakar? A ganina ba a yawan abin da mutum ke so take ba. Kwaɗayi yana farawa ne ranar da son abu ya hana ka tambayar inda ya fito, da kuma na wane ne. Mai neman miliyan ɗari da ya san kowace naira daga wane ciniki ta zo ya fi mai neman dubu goma da ya rufe ido lafiyar zuciya.

Mu ɗora harkar amininka a kan wannan ma'auni. Ɗauki biro. Naira 100,000 a ribar kashi 40 duk wata, in ba a taɓa ta ba, za ta haura miliyan biyar da rabi a shekara guda. A ƙarshen shekara ta biyu ta wuce miliyan 300. Ka je Kantin Kwari ko Dawanau ka tambayi wanda ya yi shekara talatin yana kasuwanci ko ya taɓa ganin hajar da ke yin haka wata bayan wata, ba faɗuwa, ba ranar da kasuwa ta yi sanyi. Sannan ka tambayi kanka: wanda ya mallaki irin wannan sirri, me zai yi da 'yan kuɗin malamin firamare? Da banki zai je ya ci bashi, ko ruwan kashi 30 a shekara aka ɗora masa, ribar wata ɗaya ta biya.

Kuɗin babur ɗin nan ba daga wani ciniki suka fito ba. Kuɗin waɗanda suka shiga bayansa ne aka yanko aka ba shi, don ya hau babur ɗin ya zagaya gari mutane su gani. Dabarar tsohuwa ce. Charles Ponzi ya yi ta a birnin Boston na Amurka a 1920, yana alkawarin ribar kashi 50 cikin kwana 45, har sunansa ya bi ta. Mu nan mun ga MMM ta Sergei Mavrodi ɗan Rasha, mai alkawarin kashi 30 a wata, wadda ta rufe asusun mutane a watan Disambar 2016. Hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC ta ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kusan miliyan uku sun yi asarar naira biliyan 18. Aka ce an ɗauki darasi. Sai ga CBEX a watan Afrilun 2025, ita ninka kuɗi ma ta yi alkawari, ta rufe, har fusatattu suka far wa ofishinta a Ibadan. Kowane karo waɗanda suka fara shiga sun ci, kuma su ne suka jawo 'yan'uwansu da abokansu da zuciya ɗaya. Abin da ya fi ba ni takaici ke nan: ba ɓarawo ne ke zuwa ƙofar gidanka ba, amininka ne, kuma shi ma bai san an mai da shi ɗan aike ba.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware wannan. A babin ƙiradi, wanda bankunan Musulunci ke kira mudaraba, mai kuɗi yana ba mai sana'a jari su raba ribar da aka samu, rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku, yadda suka shirya. Amma ba a yanke wa mai jari wani adadi tabbatacce, kuma in an faɗi ba da sakaci ba, asarar kuɗin tasa ce. Duk wanda ya ce maka ribarka kaza ce ko ana ha-maza-ha-mata, to ya fita daga wannan babi. Dokar ƙasa ma ta tsananta. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗauri har shekara goma, ko duka biyun, ga masu shirya irin wannan harka.

Sai dai akwai ƙwayar gaskiya a maganar amininka, kada ka yar da ita. Akwai masu kiran lalaci ƙana'a. Wadatar zuci ba ta hana nema, abin da take hanawa shi ne ka kasa barci don maƙwabci ya yi sabon gini. Kuma a wannan zamani ajiye tsabar kuɗi ƙarƙashin katifa asara ce, don abin da suka saya bara ba za su saya bana ba. Ƙin shiga harkar waya bai isa ba, sai ka sama wa kuɗinka aikin yi.

Shawarata ita ce ranar da albashi ya shigo, kafin ya taɓa aljihu, kowace naira ta san inda za ta. Hatsi da kuɗin cefane, makarantar yara, bashi in akwai, sai wani ɗan abu da ba a taɓawa sai rashin lafiya ko gaggawa, ko da dubu biyu ne. Adashi ba ya ƙara ko kwabo, amma yana raba ka da kuɗin kafin ka kashe, ya dawo maka da su a dunƙule, in dai uwar adashin mai amana ce. Ranar kwasa sai a sa su a abin da ido ke gani kuma ka san kansa: tunkiya ko ɗan rago da za a kiwata zuwa layya, noman ɗan fili, ko jarin sana'ar uwargida. Ka fi ni sanin abin da ke tafiya a Funtuwa. Ga mai son takarda, gwamnatin tarayya tana fitar da sukuk tun 2017 don gina hanyoyi, ribarsa kaɗan ce amma an san inda ta fito. Ko waɗannan ma ana iya faɗuwa a wasu, kuma wannan yiwuwar faɗuwar ce shaidar cewa ciniki ne na gaske.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne rowa da kwaɗayi ciki ɗaya suka fito, tsoron kada a rasa. Shi ya sa za ka ga mutum ya tara, amma matarsa sai ta yi rantsuwa kafin ya ba da kuɗin magani. Shi ya sa kuma wani ke kulle hatsi a sito yana jiran yunwa ta ƙara masa farashi. Zakka kashi ɗaya ce cikin arba'in ga wanda dukiyarsa ta kai nisabi ta kuma shekara, amma wanda bai kai ba ma yana buƙatar ya saba wa hannunsa bayarwa, ko da kwanon tuwo ne ga almajiri. Hannun da bai saba saki yana da kaɗan ba, da wuya ya koya ranar da ya samu da yawa.

Game da amininka, kada ka yi masa gori, kada kuma ka jira ranar kuka ka ce ai na faɗa maka. Ka zauna da shi ku yi lissafin nan tare. Ka tambaye shi wace haja kamfanin ke saye da sayarwa, ina ofishinsa, su wane ne masu shi, kuma ko yana da rajista da hukumar SEC mai kula da zuba jari, don takardar rajistar kamfani ta CAC kaɗai ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce. In zai iya cire uwar kuɗinsa yau, ya cire. In an ce sai ya ƙara zuba wasu kafin a sakar masa, to kada ya ƙara ko sisi. Abin da ya fi gaggawa kuma, ya daina kawo mutane daga yau, don kamashon da ake ba shi a kan kowane sabon shiga daga jarin mutumin nan aka cire shi, kuma ranar da aka rufe shafin, ƙofar gidansa za su zo.