Ƙugiya A Wurin Aiki: Abin Da Ya Kamata Hakimai Da Malamansu Su Sani

Tun da aka soma shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano cikin 2020, da hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi cikin 2021, injin nan mai dogon wuya da a ke kira ƙugiya ya shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganinsa ba. Ban da waɗannan ga aikin gadoji, ga ɗora tankunan ruwa da taransifoma, ga kuma ta da manyan motocin da suka faɗi a bakin hanya. Kusan duk inda a ke irin wannan aiki ƙasar wani Hakimi ce, masu taruwa kallo kuwa talakawansa ne.

Ba a manta abin da ya auku a Makka ran Jumma'a, 11 ga Satumba, 2015 ba. Da yamma, kafin magariba, hadari ya taso da iska mai ƙarfi, wata babbar ƙugiya ta masu aikin faɗaɗa Masallacin Harami ta kife, wuyanta ya faɗa cikin masallaci. Mutum fiye da 100 suka rasu, har da alhazan Nijeriya, ɗaruruwa suka yi rauni. Kowa ya yarda ajali ba ya wuce ranarsa, amma hukumar Saudiyya ba ta tsaya nan ba, ta sa aka bincika. Aka tarar an bar wuyan ƙugiyar a miƙe sama, alhali littafin waɗanda suka ƙera ta ya ce a sauke shi in ba a aiki ko in iska ta taso. Sarki Salman ya yi umurni a ba iyalin kowane mamaci riyal miliyan ɗaya, cikin 2023 kuma kotu ta ci kamfanin Binladin, mai kwangilar, tarar riyal miliyan 20 saboda sakaci.

Yadda ƙugiya ke ɗaukar kaya

Mutum ya kan rungumi tulu cike da ruwa a ƙirji ya yi tafiyarsa. In aka ce ya miƙe hannuwansa ya riƙe tulun nan nesa da jikinsa, ko dai ya sake shi, ko ya kife da shi. Nauyin tulu bai ƙaru ba, nisa ne ya ƙaru. Haka ƙugiya ta ke. In an rubuta tan 25 a jikinta, wannan nauyi ba ta ɗaukarsa sai kayan na dab da gindinta, wuyanta kuma a takure. Malamin da ya iya lissafi ya gwada: ƙugiyar da iyakarta tan 10 ne a nisan mita 4, in kayan ya koma mita 8 ba za ta wuce tan 5 ba, a mita 16 kuwa tan biyu da rabi ma ya yi mata yawa, gama wuyan kansa nauyi gare shi. Saboda haka kowace ƙugiya tana da jadawali a ɗakin direba, mai nuna nauyin da ya halatta a kowane nisa. Direban da ya ce ba ya bukatar jadawali domin ya daɗe yana aiki, shi ne abin tsoro.

Lalle ne kuma a san nauyin kaya kafin a ɗaga. Buhun siminti 20 tan ɗaya ne. Lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce, watau tankin lita 10,000 da aka mance ba a zubar da ruwansa ba ya ƙaru da tan 10. Shi ya sa in babbar mota ta faɗi da lodi, hanyar kirki ita ce a sauke lodin tukuna, ko da mai kaya yana gaggawa. Kada kuma a sa ƙugiya ta ja abu a kaikaice, ko ta fizgo abin da ya kafe cikin laka. An yi ta domin ɗagawa sama sak, wuyanta ba ya jure ja daga gefe.

Ƙasar da za ta tsaya a kai

Nan ne sanin Hakimi ya fi na injiniya. Ƙugiya mai taya tana da ƙafafu huɗu na ƙarfe da a ke miƙewa ta tokara da su, a kan shimfiɗa musu katakai masu kauri domin nauyi ya bazu. In ta juya da kaya, kusan dukkan nauyin ya kan koma kan ƙafa ɗaya ko biyu. Ƙafar nan in ta nitse ko da taƙi ɗaya ne, kan wuyan da ke can sama ya kan kauce da nisa mai yawa, kaya ya yi waje, injin ya bi shi.

To, ɗan kwangila baƙo ne. Ya ga fili a share, ya ɗauka tsandauri ne. Bai san nan ne tsohuwar marina mai rijiyoyi da aka cike da toka ba. Bai san kududdufin da aka haƙa ƙasar ginin gari ba, wanda aka yi shekaru ana zuba masa shara har ya yi daidai da hanya. Bai san kufai ba, balle tsohuwar salga, ko rijiyar da aka rufe da itace aka bi da ƙasa. Dagaci ya sani, mai unguwa ya sani, in su ba su sani ba akwai tsohon da ya sani. Abin da ya kamata, ran da ɗan kwangila ya zo gaisuwa, Hakimi ya haɗa shi da irin waɗannan mutane, su zaga wurin da ƙafa, su nuna masa. Malami ya rubuta wuraren da aka nuna, da ranar, da sunan wanda aka nuna wa. Ƙasar fadama ma a faɗa masa halinta: wurin da ya ɗauki mota da rani ba lalle ya ɗauki jaki da damina ba. Bakin rami da kan kwalbati kuwa ba wurin kafa ƙafar ƙugiya ba ne ko da wane lokaci.

Haka kuma maganar iska. Kowace ƙugiya da iyakar iskar da masu ƙera ta suka yarda ta yi aiki a ciki, faffaɗan kaya kuwa, kamar tanki ko kwanon rufi, iska ta fi kama shi. Mutumin gari ya san da bazara hadari ya kan haɗu daga gabas, iska ta riga ruwa isowa, ba ta kuwa ba da lokaci. In an ga gabas ta yi duhu, a gaya wa heluma ya sauke kaya, ya sauke wuya. Da hunturu, in hazo ya hana direba ganin mai ba shi alama, aiki ya dakata.

Wayar lantarki

Ba sai wuyan ƙugiya ya taɓa babbar waya ba wuta ke kama shi, ta kan yi tsalle. Ƙa'idar da a ke bi a Amurka ita ce kada a kusanci waya irin ta cikin gari da abin da ya gaza mita 3, manyan layuka na dogayen turakun ƙarfe kuwa mita 6 ko fiye. Mafi kyau a nemi ma'aikatan lantarki su kashe layin. In har ta taɓa, direba ya zauna a ɗakinsa, kada kowa ya taɓa motar ko kayan ko igiya, kada ma a matso, domin ƙasar da ke kewaye tana ɗauke da wuta. Mai gudu ya kai taimako shi ya kan riga mutuwa. Wannan magana ta isa a sa mai shela ya faɗe ta a kasuwa.

'Yan kallo

Ba a tsayawa ƙarƙashin kaya, ba a ratsawa, ba a hawa kansa a ɗaga da mutum. Bayan ƙugiya ma akwai haɗari, wurin da ƙaton ƙarfen nan mai riƙe ta ke juyawa, ya kan matse mutum da bango. Sai a kewaye wurin da igiya, nesa ƙwarai, a sa dogarai ko 'yan sintiri su tsare, a kori yara da 'yan talla. In wurin kusa da kasuwa ne, ko makaranta, ko masallacin Jumma'a, Hakimi ya shirya da ɗan kwangila a zaɓi rana da sa'ar da babu taro. Mutum ɗaya tak ke ba direba alama. Amma alamar tsayawa, ko daga wa ta fito, wajibi ne direba ya bi ta.

Iyakar ikon Hakimi

Duba lafiyar injin ba aikin Hakimi ba ne. Dokar Masana'antu ta 1987 da ƙa'idodin kayan ɗaga nauyi na 2018 sun ɗora wa mai injin ya sa gwani ya riƙa duba ƙugiya da sarƙoƙi da igiyoyinta, a ba shi takardar shaida. Sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke bin wannan. Duk da haka ba laifi Hakimi ya nemi ganin takardar cikin mutunci. Malami ma da idonsa zai iya ganin igiyar ƙarfe da silinta suka tsittsinke, ko sarƙar da aka ƙulla da ƙusa. In an ga haka, a yi wa heluma magana. In bai ji ba, a rubuta wa Shugaban Ƙaramar Hukuma da babban jami'in 'yan sanda, a aika wa Mai Martaba Sarki kwafi.

In haɗari ya auku, bayan an kai masu rauni asibiti, kada a bari a gusar da kome sai hukuma ta gani. Malami ya rubuta rana da sa'a, da yanayin iska, da irin kayan, da inda ƙafafun ƙugiya suka tsaya, da sunayen waɗanda abin ya shafa da waɗanda suka gani. Ya rubuta abin da aka gani kaɗai, ban da zato. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce mai aiki ya kai rahoton raunin ma'aikacinsa ga hukumar NSITF cikin kwana 7, ma'aikaci ko iyalinsa kuma su sanar da mai aikin cikin kwana 14. Leburori da yawa ba su san wannan ba, saboda haka Malami ya gaya wa iyalin tun ran farko, ya taimake su rubuta takardar.