Kafin Ka Dasa Itace a Tsakar Gida, Duba Abin da Ke Ƙasa

Sana'ata shuka itatuwa da furanni da ciyawa a gidajen mutane. Sai dai da yawa daga kiran da ake yi mini na gyaran ɓarna ne: katanga ta tsage, sokawe ya toshe, ciyawar da aka zuba wa kuɗi ta ƙone ƙurmus. In ka bi diddigi, tushen matsalar ɗaya ne. Maigida ya zaɓi abin da ido zai gani yau, bai yi lissafin abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba, bai kuma yi lissafin watannin rani ba.

Mu fara da saiwa. Dashen da ka sayo a leda, wanda bai wuce gwiwarka ba, nan da shekara goma ya fi rufin gidanka tsawo, saiwarsa kuma ta bazu har ta wuce inuwarsa. Darbejiya da mangwaro da turare da dangin cediya da durumi duk itatuwan sarari ne. Saiwa danshi take bi, kuma a gida babu wurin da ya kai sokawe da bututun banɗaki danshi. Da ta sami 'yar kafa a mahaɗar bututu sai ta kutsa siririya kamar zare, ta yi ta kauri a ciki har ruwa ya daina wucewa. Na taɓa tsayawa aka tono wani bututu, muka zaro dunƙulen saiwa mai tsawon hannu, ya ɗauki siffar bututun cif. Mutanen gidan sun daɗe suna zargin mai aikin famfo.

Haka itacen nan da ake kira satalayit, wanda ya cika sababbin unguwanni. Yana da kyau, rassansa hawa-hawa, amma saiwarsa sama-sama take tafiya, shi ya sa za ka ga intalok ya yi tudu a kewayensa. Ƙa'idata ita ce babban itace ya nisanci gini da sokawe da aƙalla mita 6, kuma kada a dasa shi ƙarƙashin wayar lantarki. A fuloti mai ƙafa 50 da 100, in aka cire gini, da ƙyar a sami gurbin babban itace ɗaya. Sauran wurin a ba gwaiba, lemon tsami, rumman, gwanda ko zogale.

Na biyu, hanyar ruwa. Kafin a kawo ko da fure ɗaya, a tsaya a ga inda ruwan sama yake bi da inda yake kwanciya. Watan Agusta ne ke tona asirin kowace tsakar gida. Dole ƙasa ta gangara daga jikin gini zuwa magudana. Masu gina kwamin furanni manne da bangon ɗaki suna ba shi ruwa safe da yamma, su sani bangon ma yana sha. Daga nan fenti ya fara kumbura yana ɓarewa, ɗaki ya kama warin danshi, gara ta sami hanya. A bar tazara tsakanin kwami da bango. Shafe gida kaf da siminti ko intalok shi ma kuskure ne: ruwa ba ya nutsewa, sai ya kwarara ƙofar maƙwabci, da bazara kuma daɓen ya kwana yana fitar da zafi.

Na uku, ciyawa. Sau da yawa nakan ji, "Malam, irin ta gidan da na gani a Abuja nake so." Sai in ce, "Alhaji, wa zai ba ta ruwa a watan Maris?" A Kano ko Katsina, daga Oktoba zuwa Afrilu kusan ba a ganin ɗigon ruwan sama. Ciyawar kafet mai faɗin ganye danshi take so. Wanda ba shi da burtsatse ko rijiya mai ƙarfi, gara ya shuka kiri-kiri, wadda ke jure fari ta farfaɗo da damina, kuma ya taƙaita ta a ɗan wurin da yara ke wasa.

Sai ƙasar kanta. Bayan magina sun tashi, abin da suke bari baraguzan bulo ne da busasshen siminti, an lulluɓe da ɗan yashi. A kwashe su, a haƙa rami mai faɗi, a cakuɗa ƙasa mai kyau da takin da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. A yage ledar kafin a dasa, kada kuma a binne wuyan dashen fiye da yadda yake a cikinta. Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, wajen Yuni zuwa Yuli, don saiwa ta kama kafin hunturu.

Hajiya, ke ma ga naki: ba kowane fure ne ya dace da gidan yara ba. Oliyanda, mai dogon siririn ganye da fure ja-ja ko fari, guba ce daga ganye har fure, ga mutum da akuya. Farantin da ake sawa a ƙarƙashin tukunyar fure kuwa, in ruwa ya kwana a ciki kwana da kwanaki, kin buɗe wa sauro wurin haihuwa.

Don haka kafin ka je wurin masu sayar da dashe, ɗauki takarda ka zana gidanka. Ka nuna sokawe da bututu da wayar wuta da inda ruwa ke fita, ka kuma ƙiyasta bokiti nawa za ka iya bayarwa kullum da rani. Duk itacen da aka nuna maka, tambayi girmansa nan da shekara goma. In mai sayarwa ya kasa ba ka amsa, je ka ga babbansa a wani gida tukuna, ka dubi katangar da ke kusa da shi.