DARASIN KIWO: Me ya sa antibayotik ba ya kashe cutar Newcastle?

Hunturu ya gabato, lokacin da cutar Newcastle ta fi yin ɓarna. A nan Trikania duk shekara abu ɗaya nake gani: kaji su fara mutuwa, mai su ya ruga ya kwaso antibayotik, ƙarshe ba kuɗin ba kajin. Bari in faɗa muku dalili.

Newcastle, Gumboro da murar tsuntsaye duk bairos ne ke kawo su. Bakteriya tana ci tana hayayyafa da kanta, shi ya sa antibayotik ke samun inda zai kama ta. Shi kuwa bairos ba ya iya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayar halittar jikin kaza. Zai manne mata, ya kutsa ciki, ya sa ta bar aikinta ta koma ƙera sababbin bairos. Su kuma su fito su kama na kusa. Antibayotik ba ya taɓa shi ko kaɗan, iyakarsa ya tare bakteriyar da ke biyo baya.

Newcastle na kama hanyar numfashi, hanji da jijiyoyi, shi ya sa za ka ga haki, koren kashi da murɗewar wuya. Gumboro kuwa wani ɗan ƙullutu yake ci kusa da dubura, inda garkuwar jiki ke ginuwa, kuma ya fi kama 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6.

To, mece ce mafita? Rigakafi. Lasota, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato ke haɗawa, bairos ne mai rai amma mara ƙarfi. Jikin kaza zai gane shi ya tanadi kariya kafin na gasken ya iso. Kariyar na ɗaukar mako 1 zuwa 2 kafin ta kankama, don haka kar ka jira sai cuta ta shigo.

Ga abin da nake yi:

1. Ina ɗauko rigakafi a cikin kula da ƙanƙara, don zafi na kashe shi.
2. Ba na haɗa shi da ruwan famfo mai kulorin.
3. Ina janye musu ruwa kamar awa 1 zuwa 2, in ba su da sassafe, su shanye cikin awa 2.
4. Sabuwar kaza daga kasuwa sai ta yi mako 2 a ware.
5. Takalmin shiga keji daban, baƙo kuma ba ya shiga.
6. Mushe a binne shi ko a ƙone, ba a wurgar a kwata ba.

Murar tsuntsaye kuma Lasota ba ta tare ta. A Fabrairun 2006, a wata gona a Jaji nan jihar Kaduna aka fara tabbatar da nau'in H5N1 a kajin Afirka. In ka ga kaji na zubewa da yawa farat ɗaya, kar ka yanka, kar ka sayar. Kira likitan dabbobi nan take, don tana iya kama mutum.

Kafin ka biya kuɗin 'yan tsaki, ware na rigakafi, ka karɓi jadawali wurin likita. Allah ya sa albarka a kiwonmu.